Gayaunar Nasamu

Ina da wani ɗan hali da ba na faɗa a gaban ɗalibai. In takarda ta dame ni ba na yaga ta, ba na ƙona ta, don ni mutum ne mai girmama ilimi. Ninke ta nake yi gida huɗu in cusa a ƙarƙashin ƙafar teburina, wadda dama gajeruwa ce. Takardar ta yi amfani, ni kuma na huta. Takardar gayyatar aikin gayya na unguwa ta bi ta nan. Takardar likita da ta hana ni cin kitse ta bi ta nan. Amma wadda ta fi kowace daɗewa a wurin ita ce fallen farko na kundin Nasamu.

Sunana Lurwanu, ina koyar da Hausa a wata kwalejin horon malamai. Shekarata hamsin da biyu, tumbina kuwa ya fi haka a ido. Shekaru uku da suka wuce na tsinci wani tsohon kundi na ajami a cikin gafakar kakana. Zantuka ne na wani mai hikima da ya rayu wajen shekara ɗari uku baya, wani da ya zauna da shi ya rubuta su. Zantuka masu shiga ƙashi. "Kada ka zagi rana, ba ta san sunanka ba." "Wanda ya ɗaure ka, shi ma igiyar ta riƙe masa hannu." Sai babbansu, wanda yanzu har a bayan motocin haya ake rubutawa: "Duniya gandu ce, zuciya gayauna."

Fallen farko shi ne matsalar. Ya ce an kamo mutumin yana ɗan shekara bakwai, aka sayar da shi sau biyu, ya ƙare a rinjin bayin Sarkin Noma Tambai, wanda ya raɗa masa suna Nasamu. Ya yi bauta a nan shekara talatin da ɗaya. Tambai kuwa kakanmu ne na can sama, sunansa muke zarowa in za mu yi wa wani gori a gidan biki.

Na gaya wa kaina cewa mutane ba za su karɓi hikima daga bakin bawa ba, don haka sutura nake yi wa mamacin. Na mai da shi Shehu Nasiru Mai Lambu. Gandu kowa ya sani, babbar gonar maigida ce. Gayauna kuwa sai na yi mata bayani a ƙasan shafi, na ce ɗan lambu ne da dattijo kan keɓe a ciki ya huta ya yi tunani. Aka ƙaddamar da littafi, aka tafa, aka ci shinkafa.

Matata Ladidi ce kaɗai ta gan ni ina ninke fallen.

"Malam, wannan kuma ta mece ce? Likitan ne ya sake rubuto maka?"

"Ta tarihi ce."

"To, Allah ya jiƙan tarihi. Ka dai cusa a hankali kada ka karya teburin, shi kaɗai ka gada mai ƙafa huɗu."

Ranar wata Asabar da tsakar rana, na ci dambu na ƙoshi ina gyangyaɗi a kujera, sai teburin ya yi atishawa. Har na yi masa addu'a kafin na tuna da wa nake magana. Ya ɗaga gajeruwar ƙafarsa kamar jakin da ya taka ƙaya, fallen ya zamo ƙasa ya warware kansa. Ɗakin ya yi duhu. Wani ne ya tsaya a ƙofa, sanye da malafa wadda faɗinta ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya. Ban ga fuskarsa ba, sai farin gemu har gwiwa, yana kaɗawa shi kaɗai babu iska.

"Aminci ga ma'abucin wannan ɗaki, in ya cancanta," in ji shi. "Kai ne Lurwanu ɗan Isiyaku, tsatson Tambai?"

"Ranka ya daɗe, ya danganta da mai nema."

"Ni ne Mai Malafa, jakadan Magajiyar Tsamiya, aljanar da ta zauna a bishiyar gefen gonar Nasamu ta saurare shi tsawon bautarsa. Labari ya iske ta cewa ka yi masa sabon suna da sabon lambu. Tana da tambaya ɗaya. In ka amsa kafin ranar ƙasarmu ta faɗi, ka dawo ga iyalinka. In ka kasa, za ka yi noma a gandunmu adadin shekarun da ya yi a naku."

Na haɗa hamsin da biyu da talatin da ɗaya a kaina. Ko da likita maƙaryaci ne, ban ga alamar zan kai ba.

"Allah ya ja zamanin jakada, ba za a iya aiko da tambayar a rubuce ba? Na fi ƙwarewa a rubuce."

"Mun ga ƙwarewarka a rubuce. Ɗauki fallen. Hau."

Teburin ya durƙusa kamar raƙumi. Na sa fallen a aljihu na hau, na riƙe gefe da gefe. Daga madafa Ladidi ta ɗaga murya: "Malam, in fita za ka yi ka taho mana da gishiri!" Kafin in amsa mun ratsa bango kamar labule.

Ba zan ce na ji daɗin tafiyar ba. Tebur mai ɗingishi ba abin hawa ba ne ga mai ciwon baya. Muka wuce wani fako ja mai numfashi, yana kumbura yana lotsawa kamar ƙirjin mai barci. Muka shiga dajin ƙaya mai tafiya, itatuwan suna biyo mu a baya, in ka waiga su tsaya kamar ba su ba. Suka yage mini hannun riga ɗaya da rabin mutuncina. Daga nan muka iso bakin wani kogi da ba a hango ƙetarensa. Ruwan da ɗumi, ga tururi, ga wari irin na rigar ɗan dako. Na ɗanɗana wanda ya fantsamo mini a leɓe, na tuna saƙon Ladidi.

"Wane kogi ne wannan?"

"Kogin Gumi," in ji Mai Malafa. "Gumin waɗanda suka noma wani ya ci. Tun da aka yi duniya bai taɓa janyewa ba."

Mai fito aljani ne mai hannu shida, biyar riƙe da gora, na shidan a miƙe yana jiran ladan fito. Na fara laluben aljihu, ya girgiza kai.

"Ya kai ɗan Adam, ba a ƙetare wannan ruwa da suna. Ajiye naka."

Na yi dabara na ce ya karɓi "Malam". Ya ɗora kalmar a tafin hannunsa, ya hura, ta tashi kamar ƙaiƙayi.

"Wannan ba ta da nauyi. Kawo na yanka."

Ya sa yatsu biyu a bakina ya zaro Lurwanu kamar yadda ake zare tsokar da ta maƙale a haƙori. Ya jefa cikin wani ƙaton tulu da ke tsakiyar kwalekwalen. Tulun cike yake da sunaye, suna ta gunaguni kamar amyar zuma.

"Daga yau sunanka Tsintau," in ji shi. "Ba sai ya yi maka daɗi ba. Amsawa kawai ake bukata."

Muna tsakiyar ruwa na kasa haƙuri na leƙa tulun. "Ranka ya daɗe, akwai na Nasamu a ciki?"

"Akwai wanda uwarsa ta raɗa masa. Yana can ƙasa. Shekara ɗari uku ba wanda ya zo nema."

Na koma na zauna a kan teburina. Tambai ya ƙwace wa mutumin nan suna na farko da igiya, ni na ƙwace na biyu da biro. A haka muka ƙetare.

Gari na farko da muka shiga na Masu Duban Ƙafa ne. Idanunsu a gwiwa suke, fuskokinsu a shafe kamar bayan ƙwarya. Suka yanyame ni suna leƙen idon sawuna, suna neman tabon ƙarfe. Da ba su samu ba sai suka ba ni wuri. Teburin kuwa suka ce a ɗaure shi a waje, wai ɗingishinsa ya nuna asalinsa. Babbansu ya matso har gwiwarsa na taɓa tawa.

"Baƙo, mun san abin da za a tambaye ka, ga amsa kyauta. Maganar bawa maganar bawa ce. Wanda aka hana tsayuwa dole ya yabi zama. Haƙurin da yake wa'azi a kai tabon ƙarfen ƙafarsa ne ya hau harshensa. A ji tausayinsa, amma kada a ɗauki darasi a wurinsa."

Gaskiya maganar ta burge ni. Irin wadda in ka faɗa a taron ƙara wa juna sani ake gyaɗa kai ce. Na adana ta.

Mai Malafa ya tambaye su, "Kun taɓa ganin fuskarsa?"

"Me za mu yi da fuska?" in ji su.

Muka kwance teburin muka yi gaba. Hanya ta miƙe sama, ba tsani ba tudu, kawai ta bar ƙasa ta ci gaba da tafiya. A ƙarshenta ga wani birni yana lilo a sararin sama, ganuwarsa ta farin hayaƙi. Birnin Marasa Sawu ke nan. Mutanensa kyawawa ne, fararen riguna, fararen haƙora, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai sai tururi. Kuma kowannensu, wallahi, yana rungume da littafina.

Ban taɓa ganin tarba irin wannan ba. A kwalejinmu ko shugaban sashe bai karanta littafin ba, ga shi nan an haddace har da kurakuran ɗab'i. Suka ɗauke ni daga kan teburin suna kirari. Limamin hikimarsu, wani dogo mai murya kamar sarewa, ya riƙe hannuna.

"Marhabin da wanda ya wanke Shehu daga ƙurar ƙasa! Kai ka fahimci abin da muka daɗe muna faɗa. Hikima ba ta da uwa, ba ta da uba. Me ya haɗa magana da ƙafar mai ita? Ko sarki ne ya faɗa ko bawa, biyu da biyu huɗu ne. Zo ka ga lambun Shehu, mun gina shi daidai yadda ka siffanta."

Suka kai ni. Ga inuwar mangwaro, ga ƙorama, ga kilishi a shimfiɗe da matasan kai, har da butar shayi. Na kishingiɗa. Aka kawo akussa a rufe, aka buɗe, ƙamshin farfesun kan rago ya daki hancina. Na kai hannu na tarar akushin wayam.

"Ina abincin?"

"Ka riga ka ci," in ji limamin. "Mu ma'anar abinci muke ci."

Sai na ji ƙafafuna sun yi sakayau. Na duba, yatsun ƙafata sun fara zama hayaƙi, takalmina ɗaya har ya faɗo yana juyawa a iska. Mai Malafa yana tsaye a bakin lambun bai shigo ba.

"Tsintau, in ka ƙara kaɗan ka zama ɗan gari. Magajiya ba ta da iko da mutanen nan. Ba tambaya, ba gandu. Zaɓi naka ne."

Zan so in ce son gaskiya ne ya tashe ni daga kilishin nan. Yunwa ce. Na hango kaina shekara dubu ina shaƙar farfesu, na ce gara noma. Na ja jiki da gwiwar hannu na kama ƙafar teburin, ya finciko ni. Suna ta kira a baya, "Shehu ƙarami, ba ka sa mana hannu a littafi ba!" Amsarsu ma dai na adana ta, ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Muka sauko a gindin wata tsamiya wadda rassanta suka tokare gajimare. A kan wata saiwa wata tsohuwa na zaune, ba ta fi tulu girma ba, gashinta 'ya'yan tsamiya ne suna kaɗawa suna ƙara. Muryarta kamar ana niƙa a dutse. Mai Malafa ya cire malafarsa ya zube, ni ma na zube, gwiwoyina suka yi ƙarar da kowa ya ji.

"Tsatson Tambai," in ji ta, "ka zo da ƙafarka ko an kawo ka?"

"Allah ya ja zamanin Magajiya, tebur ne ya kawo ni."

"Ya fi ka sanin hanya. Ga tambayata, kuma sau uku kaɗai za ka buɗe baki a kanta. Nasamu ya ce duniya gandu ce, zuciya gayauna. Wanda ya san cewa bawa ne ya faɗa, yaya ya kamata ya ji maganar?"

Na gyara murya irin ta aji, na zazzage mata amsar Masu Duban Ƙafa, har na ƙara mata gishiri. Ta saurara har ƙarshe.

"Ka sake sayar da shi. Saura biyu."

Na yi maza na kawo ta Marasa Sawu, na ce hikima ba ta da uwa ba ta da uba.

"Yana da uwa," in ji ta. "Yakan kira ta in zazzaɓi ya kama shi. Ka sake ɓoye shi. Saura ɗaya."

Aljihuna ya ƙare, sai fallen.

"Ka taɓa riƙe garma?"

"Na taɓa koyar da ita, ranki ya daɗe, a darasin kayan aikin gargajiya. Har na zana ta a allo."

"A kai shi gandu. Ya ɗanɗana yini ɗaya daga cikin abin da ke jiransa, sannan ya buɗe baki na ƙarshe."

Gandun aljanu ba shi da iyaka da ido zai kama. Sarkin Gandu, mai tsaron aiki, wani baƙin ƙato ne mai wuyan bijimi. A hannunsa na dama bulala, a na hagu wata igiya da ta miƙe sama. Na bi ta da kallo na ga a wuyan rana aka ɗaure ta. Ya ja ta ya tsayar da ita daidai tsakar kaina, ya ɗaure a turke.

"Tsintau! A nan lokacin tashi ba ya yi sai an gama aikin maigida. Kunyoyi arba'in naka. Sunkuya."

Na sunkuya. Dama da hagu akwai wasu manoma, inuwoyi ne marasa fuska, suna tafe suna wani amshi a ƙasan maƙoshi. Kafin in gama kunya ta farko sun yi nisan da sai dai in hango ƙurarsu. A ta uku tafin hannuna ya yi ƙululu. A ta bakwai ƙululun ya fashe, ƙotar garmar ta jiƙe. A ta goma sha biyu na daina jin bayana, na ɗauka sauƙi ne ya zo, sai ya dawo da 'yan uwansa. Na kira likitana a zuci na nemi gafararsa. Bulalar ba ta taɓa ni ba ko sau ɗaya, ƙararta kawai nake ji a bayan kunnena duk lokacin da na yi niyyar miƙewa, kuma hakan ya isa. Ranar tana nan inda aka ɗaure ta. Ban san awa nawa aka yi ba, don a wurin babu awa, kunyoyi kawai ake ƙirgawa. Na zagi ranar nan, ban ɓoye muku ba, zagin da ban san na iya ba.

Da na kai ta arba'in da rarrafe, aka miƙo mini ludayi ɗaya na kunu mai tsami. Na shanye na lashe ludayin. Na kwanta a kan kunyar ina cewa alhamdu lillahi, yanzu sai gayauna, a je a huta.

Sarkin Gandu ya yi dariyar da ta girgiza turken. "Hutu? Kunun nan shi ne iyakar abin da maigida zai ba ka. Abin da za ka ci da yamma, da na matarka, da na 'ya'yanka, daga gayaunarka zai fito. In ka nome ta ku ci. In ba ka nome ba ku sha iska. Ga ta can. Sauran yinin naka ne."

Ya kwance igiyar. Ranar da ta yini a tsaye kamar an kafa ta da ƙusa ta zura a guje yamma, kamar akuyar da aka sako daga turke.

Gayaunar Nasamu tana bayan tsamiya, a inda gandu ya ƙi. Faɗinta bai fi tabarma uku ba, rabinta tsakuwa. Babu mangwaro, babu ƙorama. Na ɗaga garmar ta ƙi ɗaguwa. Na gwada miƙe bayana ya ƙi. Sai na zube a kan gwiwoyina don in ja ta a durƙushe, gwiwoyin suka faɗa cikin wasu ramuka biyu a ƙeƙasasshiyar ƙasar, masu santsi kamar cikin turmi. Na matsa gaba, ga wasu biyun. Haka suka jeru har ƙarshen gonar.

"A durƙushe yake nome ta," in ji muryar Magajiya a bayana. "Gandu ke cinye tsayuwarsa, ya kawo wa gayauna abin da ya rage."

Na ci gaba da ja, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

"A shekararsa ta goma sha tara a rinji," in ji ta, "gero ya yi kyau a nan fiye da gandu. Zangarniya kamar damtse. Tambai ya zo wucewa ya tsaya. Al'ada ta ce amfanin gayauna na bawa ne, kowa ya san haka. Tambai ya ce, ƙasar tawa ce, mai noman nawa ne, geron na wane ne? Aka yanke aka kai rumbunsa. A ranin shekarar 'yar Nasamu ta fari ta rasu."

Na tsaya da ja.

"Kwana uku yana kuka a gindina. Ya shuri saiwata har ya karya ɗan yatsa. Ya zagi rana zagin ƙare dangi."

"Shi da ya ce kada a zage ta?"

"Daga baya ya faɗa. Ya gwada ne ya ga ba ta ji. A rana ta huɗu ya dawo nan ya durƙusa inda kake, ya dubi karan da aka bar masa, ya ce, ashe wannan ma gandu ce. Sannan ya dafa ƙirjinsa ya faɗi maganar da kuke rubutawa a bayan motoci. Da ya gama ya ɗauki garma."

"Ranki ya daɗe, ya yafe wa Tambai?"

"Ba wanda ya tambaye shi. Kai ne na farko daga gidanku da ya yi tambayar, ka kuwa makara." Ta nuna yamma da haɓa. "Gindin rana ya taɓa ƙasa. Buɗe baki."

Ban gyara murya ba, babu abin gyarawa.

"Allah ya ja zamanin Magajiya. Ni na karanta maganar ina ƙoshe, na ji kamar cewa yake a shiga zuciya a kishingiɗa. Abin da ya ce shi ne, an ƙwace komai, saura wuri ɗaya da ba su san yadda za su yanke ba, kuma shi ma sai an nome shi a durƙushe da ragowar ƙarfi, in ba haka ba a mutu. Masu cewa bauta ce ta yi maganar sun manta bayi dubu aka yi wa haka, shi ne ya faɗa. Masu cewa bautar ba ta shafe ta ba kuwa ba su ga ramukan nan ba. Wanda ya san bawa ne ya faɗa, ya ɗauke ta da hannu biyu, don ya san abin da aka biya kafin a same ta. Kuma kafin ya yi wa wani wa'azin haƙuri da ita, ya fara tambaya wa ya cinye geron."

"Wa ya cinye?"

Na ciro fallen daga aljihu. Ya jiƙe da gumi, tawadar ta fara narkewa, amma ana karantawa. Na karanta da ƙarfi, tun daga kamu har ciniki na biyu, har sunan rinjin, har sunan mai rinjin. Da na zo kan Tambai muryata ta so ta yi ƙasa, na ɗago ta.

"Mu muka cinye," na ce.

Ranar ta tsaya da rabinta a waje. 'Ya'yan tsamiyar kanta suka daina ƙara.

"Amsar ba ta cika ba," in ji Magajiya, "amma a durƙushe aka ba da ita. Na karɓa. Tashi ka tafi."

Tashin ya ɗauki lokaci. Da na samu na dafa teburin, na ce, "Ya bar baya?"

"Ya bari. Ba su yi nisa da kai ba. Nemo su kuwa ba aikin aljanu ba ne."

A bakin kogi mai fito ya lalubo sunana ya mayar mini a baki, ya ɗan yi tsami amma nawa ne. Muka ratsa bango, na tarar da dambun da na rage bai ko huce ba. Ladidi ta shigo ɗaukar kwano ta ga tafin hannuna.

"Innalillahi! Malam, alli ne ya fara cizo?"

"Noma na yi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Allah ya ba da lafiya," in ji ta, ta tafi ta kawo man kaɗanya.

Na cika abin da ya rage a kaina, ko in ce rabinsa mai sauƙi. Na sake buga littafin da sunan Nasamu a bango, fallen farko a shafin farko, sunan Tambai ba a taɓa ko wasali ba. Na goge lambun. 'Yan uwana biyu suka daina gaishe ni, sauran duniya kuwa ta ɗauke ni a kai. Ana gayyata ta laccoci. In na zo kan ramukan gwiwa, ina cewa a mafarki na gani, mata kan share hawaye da gefen mayafi. A wani taro har wani farfesa ya miƙe ya ce samun mai gaskiya irin Malam Lurwanu sai an tona. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u, na iya wannan sosai.

Neman zuri'ar bai ɗauke ni ko mako biyu ba. Na je ƙauyenmu na zauna da tsofaffi, suka ƙirgo mini kaka da kakanni a yatsu, suka tsaya a kan wani dattijo mai suna Mati. Ban bukaci a nuna mini gidansa ba. Shi ke nome mini gonar gadonmu kowace damina, kamar yadda ubansa ya nome wa ubana.

Damina biyu ke nan da na sani, ban gaya masa ba. Shekaranjiya ya kawo geron bana, ya durƙusa a ƙofar ɗakin nan ya gaishe ni, na ce masa sannu da ƙoƙari. Da geron aka dama kunun da ke gabana yanzu.